Tsawon Sandata

Litinin, da hantsi

Sun dawo da gadajen. Motar asibiti ce ta kawo su, aka jibge min su a ƙofar shago kamar kayan wanda aka kora daga gidan haya, duk mai wucewa sai ya rage tafiya ya kalla. Wai sun yi gajarta. Wai ƙafafun marasa lafiya suna leƙowa waje. To mara lafiya ba shi da gwiwa ne? Ba zai iya naɗe ƙafa ba?

Ni kafinta ne. Gado nake yi tun kafin a haifi wanda ya sa hannu aka dawo da su. Ban taɓa zama a aji ba, baƙaƙen nan a jikin katako na koye su, ina kallon yadda masu kawo aiki ke rubuta abin da suke so. Da fensirin aiki nake rubuta wannan, tunda yanzu a gidan nan babu kunnen da ke saurarena sai na takarda.

Awona ɗaya ne. Sanda ce da na yanka daidai tsawona ranar da na buɗe shago, don maigidana da ya koya min aiki ya ce ni ne mutum tsaka-tsaki, ba dogo ba, ba gajere ba. Sanda ɗaya da taƙi ɗaya, shi ne gado. Tana da ƙusarta a saman ƙofar shago, ni na buga ƙusar da hannuna. Kullum da safe nakan tarar an sauko da ita an jingine min a jikin benci, in ɗauka in fara aiki. An haifi mutane a kan awon nan, an mutu a kansa, babu mamacin da ya dawo ya ce min ƙafarsa ta leƙo.

Yanzu babban ɗana, wanda na damƙa wa zarto tun yana yoyon hanci, shi ne yake koya min cewa mutane sun ƙara tsawo, a ƙara wa gado. A gaban ma'aikata ya faɗa, ranar Asabar.

Ba zan rubuta zancen Asabar ba.

Talata, bayan azahar

Yaron bai fito shago ba. An ce sun je an ɗinke masa wurin. Gira ce sandar ta ɗan taɓa, ita kuwa gira da ma jini gare ta, ko ƙuda ya taɓa ta sai ta yi ta zuba.

Na taho da sandar gida. Tana bayan ƙofar ɗakina.

Laraba, da yamma

Tela ya zo sulhu. Shagonsa na jikin nawa tun muna da baƙin gashi, guntu ne kamar turmi, kuma bakinsa ya fi shi tsawo. Ya zauna a tsakar gida, ya sa aka kira yaron. Ya fito da farin ƙyalle manne a goshi, ya durƙusa ya gaishe ni kamar babu abin da ya faru. Wannan ladabin nasa ya fi zagi ciwo.

Tela ya ce, "Kafinta, ku biyun nan zarto ɗaya kuke ja, kowa ya riƙe gefensa. In ɗaya ya saki fa?"

Na ce ya saki mana, da can da wa nake ja?

Yaron ya ce, idonsa a ƙasa, "Baba, ba raini ba ne. Ba zan iya ci gaba da yin gadon da na san bai ishi mutane ba. Ko a ƙara awo, ko ka yi min izini in buɗe nawa wurin."

Na ce, "Mutane ba su ƙara tsawo ba. Takalmi ne ya ƙara tudu. Ka kawo shaida."

Sai ga murya daga bakin ƙofar sashensu. Matarsa ce, Malama, wadda ke koyar da lissafi a kwaleji. Ba ta saba sa baki a maganar maza ba, shi ya sa kowa ya juya. Ta ce, "Baba, a yi min afuwa. Wannan maganar ana iya gwada ta. Aikina ne."

Tela ya ce, "To ga alƙali har gida, ba sai mun hau mota ba."

Ga abin da aka tsayar, Tela ne shaida. Za a auna manyan mazan unguwar nan. In shaida ta nuna matsakaicin tsawonsu ya wuce sandata, in miƙa wa yaron makullin shago, ya yi gado yadda ya ga dama, ni in koma gefe. In ba ta nuna ba, makulli na wurina, awo na nan, shi kuma ya ce zai je ya buɗe nasa.

Ya je ina? Wanda ko ƙusa bai taɓa saya ba sai da na gaya masa inci nawa.

Alhamis, da safe

Mutane ba su ƙara tsawo ba.

Juma'a, bayan la'asar

Malama ta zo da tef ɗin awo da gwangwanin fenti. Ta tsaya daga nesa ta ce in ara mata sandar. Na ce ba a ara ta, ni zan riƙe. Na riƙe, ta ja tef. Ta ce santimita 165. Shekarun nan duka sandar tana aiki ba ta san tana da lamba ba.

Na zaci za ta fara da ƙaryata ni, tunda matarsa ce. Sai ta ce, "Baba, maganarka ce a kan kujera. Da ita za mu fara, mu ɗauka gaskiya ce, matsakaicin tsawo 165 ne. Ba kai za ka kawo shaida ba. Shi da yake cewa an wuce haka, shi ne sai ya kawo abin da zai ture ta."

Na kalli yaron na ce, "Ka ji? Matarka ta fi ka tarbiyya."

Ta ce ba za a iya auna kowa ba, mutum talatin da shida za a ɗauka. Na ce ta yaya mutum talatin da shida za su yi magana da bakin unguwa guda? Ta ce, "Baba, in mota ta kawo maka katako, kowane falle kake dubawa?"

Na ce a'a, ina zaro wasu.

"Daga sama?"

Na ce wawa ne ke zarowa daga sama, mai sayarwa masu kyau yake ɗorawa a sama. Daga tsakiya, daga ƙasa, daga inda bai zata ba.

Ta ce to shi ke nan. Ta rubuta lambar kowane gida na unguwa a guntun takarda, ta nannaɗe, ta zuba a gwangwani. Duk gidan da ya fito, in maza sun fi ɗaya, a sake ƙuri'a tsakaninsu. Na ce ni zan sa hannu in zaro, ban yarda da hannun kowa ba. Ta ce da ma haka take so.

Sannan ta zo da maganar da ta tsaya min a wuya. Wai in matsakaicin waɗanda aka auna ya ɗara sandata da kaɗan, ba za a ce na faɗi ba, don ƙuri'a tana iya faɗawa kan dogaye haka kawai. Za ta ja layi, gwargwadon yadda tsawon mutanen ya bambanta da juna. Sai an tsallake layin, wato an ɗara da yawan da sa'a kaɗai ba ta cika kawowa ba, abin da bai wuce sau biyar cikin ɗari ba, sannan a ture maganata.

Na ce, "Tsaya. Wato ko ina da gaskiya, sau biyar cikin ɗari za a iya ƙwace min shago a banza?"

Ta ce, "Za a iya, Baba."

"To a ranar, wa zan kama?"

Yaron ya ce, "Ni fa? In ni ke da gaskiya, gwajin bai gani ba?"

Ta ce, "Kai naka ya fi biyar nesa ba kusa ba. Mutum talatin da shida ba su da yawa."

Ya ce to. Haka kawai, to. Ni da aka ba biyar ina ta faɗa, shi da aka ba fiye ya ce to. Irin uwarsa ne sak, a cuce su su ce to, don dai kai ka zama mugu.

Lahadi, da hantsi

Na tara mata mutane. Tela, da mai aski, da tsohon direban nan mai ciwon baya, da wasu tsarana na bakin kasuwa, duk magidanta, duk 'yan unguwa, babu wanda za a ce ba namiji ba ne. Na jera su a ƙofar gida na aika a ce ta fito da tef, ga aiki na rage mata.

Ta fito ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta koma ta aiko musu da shayi. Sannan ta ce, "Baba, waɗannan ai katakon sama ne."

Mai aski ya ce, "Mu ne masu kyau ke nan, 'yar nan?"

Ta ce, "Ku ne waɗanda mai kaya ya zaɓa."

Suka kwashe da dariya, har Tela, wanda ya kamata ya ji kunya tunda don shi aka fi yin maganar. Suka shanye shayin suka watse. Abokan zamani ke nan, kofi ɗaya ya saye su.

Abin da ya ɗan sanyaya min rai, ashe shi ma yaron ya ce mata ta bi ta filin ƙwallo da yamma, akwai samari a tare, ta huta da yawo gida gida. Ta ce masa a'a da irin muryar da ta ce min. Tela ne ya tsegunta min. Ashe ba ni kaɗai na iya ɗora katako a sama ba.

Talata, da rana

Ina bin su gida gida, ni da Tela, kada a yi min coge. Mutum ya cire takalmi, ya cire hula, ya jingina da bango, a ɗora masa guntun katako a ka, a ja layi da fensir, a auna. Katakon ma daga shagona aka ɗauko.

Wani ya ƙi cire hula, sai da aka kori 'ya'yansa daga wurin, ashe sanƙo ne. Wani ya ce in dai don aikin soja ake yi shi yana da ciwon ƙirji. Wata tsohuwa ta hana a auna ɗanta sai da ta ji ba awon likkafani ba ne.

Yanzu duk inda na bi sai a ce, "Baba Kafinta, ni na kai sanda?" Waɗanda aka yi cikinsu a kan gadajena ne suke min wannan.

Akwai dogaye, ban ce babu ba. Wani ɗan mai gyaran babur sai da Tela ya hau bulo kafin ya ɗora masa katakon. Na ce wannan ba mutum ba ne, falwaya ce, a cire shi. Malama ta ce hannuna ne ya zaro shi.

A hanyar dawowa ta ce min, a hankali, don kada Tela ya ji, "Baba, ko da sandarka ce tsakiya daidai, ai wajen rabin mutane suna samanta. Gado ba na mutumin tsakiya kaɗai ba ne."

Na ce ba a kan wannan aka yi alkawari ba. Ta ce haka ne.

Laraba, da safe

Uwarsa, Allah ya jiƙanta, haka take son kwanciya. Tun tana amarya a naɗe take barci, gwiwa a ciki. Wasu haka Allah ya yi su. Ba ta taɓa ce min komai ba, ko sau ɗaya, kuma ba shi ne ya kwana ɗaki ɗaya da ita ba da zai tsaya a gaban ma'aikata ya ce wai gadona ne ya yi mata gajarta.

Doguwa ce, na sani. Ni na aure ta.

Asabar, bayan azahar

Na buɗe shago. Ma'aikata suna gaishe ni, amma in na ce a yanka, sai su kalli ƙofa ko zai shigo. Na ce wa ɗaya ya miƙo min zarto in nuna masa yadda ake yi. Zarton ya yi ta tsalle a kan layi. Ba a wasa shi ba ne. Tun da yaron ya daina zuwa babu mai wasa kayan aiki, sai cin abinci.

Gadajen asibiti suna nan a jingine, sun cinye rabin shago. Ƙura ta fara hawa. Aiki ne mai kyau, ko makaho ya shafa zai sani.

Mutane ba su ƙara tsawo ba. Rashin kunya ce ta ƙaru.

Litinin, da yamma

An auna talatin da biyar. Na ƙarshen ya yi tafiya, matarsa ta ce ba ta san ranar dawowarsa ba. Malama ta ce a sake zaro wani gida. Na sa hannu a gwangwani, na juya sosai, na zaro.

Gidana.

Maza biyu ne a gidan, ni da shi. Ta rubuta takarda biyu. Shi kuwa dogo ne, tsawon dangin uwarsa ya kwaso, in ya shigo shago sai ya sunkuya. Tela ya ce, "Kafinta, yi addu'a." Na ce ba na roƙon Allah a kan gwangwanin fenti. Na zaro.

Ni ne.

Bayan an watse ina alwala a bayan sashensu, taga a buɗe, ba laɓe na yi ba. Na ji yana ce mata, "Kada ki auna shi. A sake ƙuri'a."

Ta ce, "Ba a mayar da ƙuri'a don ba a so abin da ta kawo ba. In na yi maka yau, duk aikin ya zama banza."

Ya ce to yaya lissafin yake? Ta ce bai kamata ta faɗa ba kafin a gama, amma abin yana bakin layi. Waɗanda aka auna sun ɗan tsallake. In Baba ya kai sandarsa, ko ya kusa, matsakaicin zai zauna a saman layi, shago ya zama nasa. In Baba ya gaza sandar da kamar yatsa uku, zai jawo matsakaicin ƙasa, maganarsa ta tsira.

Sannan ya ce, "Baba bai kai sandar nan ba tun kafin rasuwar Inna. Shi kaɗai ne bai sani ba. Ba na son ya gani a gaban mutane."

Wayo. So yake a cire ni don ya san inda abin zai faɗa. Har da sassauta murya, kamar mai jinya.

Ni na yanka sandar nan a jikina. Maigidana ya ɗora wuƙa a tsakiyar kaina ya yi alama. Ta yaya mutum zai gaza kansa?

Talata, bayan la'asar

Na yini a ɗaki ina jingina da bango. Bangon ɗakin nan ba a miƙe yake ba, magini ya cuce ni tun farko.

Tela ya leƙo. Na gaya masa abin da na ji. Ya ƙirga da yatsu, ya ce, "To ai ka ci. Gobe ka ɗan saki gwiwa, ka sauke wuya, shago naka ne. Ni da za a ba ni shago a kan gajarta da tuni ina da kasuwa guda."

Na ce ya fita min daga ɗaki.

Laraba, da hantsi

A shago aka yi, ni na ce a can. Jikin ginshiƙin ƙofa, wanda na san a miƙe yake don ni na kafa shi. Na zo da sandar. Ma'aikata sun ajiye aiki, mai aski ya bar mutum da rabin kai ya taho.

Yaron ya ce, "Baba, a shiga daga ciki, a rufe ƙofa."

Na ce abin da aka fara a gaban ma'aikata a gabansu za a gama.

Na cire takalmi. Na cire hula. Malama ta ƙi ɗora min katako a ka, ta miƙa wa Tela, ta tsaya gefe da tef tana kallon ƙasa. Na manna bayana da ginshiƙi. Na ja numfashi, na miƙe har sai da na ji wani abu ya yi ƙara a ƙuguna. Na san abin da Tela ya gaya min. Na san abin da na ji ta taga. Na miƙe duk da haka, da duk abin da ya rage min.

Malama ta ce, "Dugadugai a ƙasa, Baba."

Na ce a ƙasa suke.

Ta ce, "Na hagu."

Na sauke. Ƙeyata ta ƙi taɓa ginshiƙin, na tura ta, ta ƙi. Tela ya ɗora katako, ya ja layi. Na matsa gefe. Ta ja tef, ta duba, ta sake dubawa, ta rubuta ba ta faɗa ba.

Na ce, "Faɗi. Kin faɗi na kowa."

Ta ce 157.

Na ce tef ɗin roba ne, yana miƙewa da zafi. Na ɗauki sandata na jingina ta da ginshiƙin, kusa da layin Tela, don kowa ya ga ƙaryar tef.

Yatsa huɗu. Na sa hannuna a tsakani, ya shige daidai.

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi. Mai aski ya ce bari ya je ya ƙarasa wa mutumin nan kai. Yaron ya juya baya yana duba wani katako da babu abin da ya same shi.

Na sa takalmina na taho gida. Hular ma Tela ne ya biyo ni da ita.

Laraba, da yamma

Malama ta zo bakin ƙofata da takardarta, ta durƙusa. Layin yana kan 166 da ɗigo bakwai. Matsakaicin mutum talatin da shida ya tsaya a 166 da ɗigo shida. Ta nuna min tazarar a jikin tef, kaurin farce.

Ta ce, "Ba a ture maganarka ba, Baba. Makulli naka ne."

Na ce, "Wato ina da gaskiya. Ki je ki gaya wa mijinki, da ƙarfi, yadda ya faɗi tasa."

Ta ce, "Ban ce kana da gaskiya ba. Na ce shaidar ba ta isa a ce ba ka da ita ba. Da an auna mutum ɗari biyu, ban san abin da zai fito ba."

Na ce, "Da ba ni aka auna ba fa?"

Ta naɗe takardar. Ta ce, "Kai aka auna, Baba." Ta tambaye ni ko a kawo abinci yanzu ko sai an jima.

Na ci. A rubuta, na ci.

Asabar, da hantsi

Yaron ya kama wani wuri a bayan tashar mota, rumfar kwano ce, ko ƙofa babu. Ya zo da safe ya durƙusa ya ce yana neman albarka. Na ce Allah ya ba da sa'a, ina kallon bango. An cire masa zaren, wurin ya bar tabo ya raba girar biyu.

Bai ɗauki komai na shago ba, ko guduma. Tela ya ce yaron ne ya share wurin da kansa, ya wasa zartuna duka, ya jera kowane abu a mazauninsa, ya kulle, ya aiko min da makullin da ke hannunsa.

Ma'aikata sun bi shi. Ɗaya ya zo ya ce min mahaifiyarsa ce ba lafiya. Da rana aka gan shi a bayan tasha yana ɗauke da katako.

Su je. Sau biyar cikin ɗari aka ce za a iya cutata, ba a gaya min sauran casa'in da biyar ɗin haka suke ba.

Lahadi, bayan azahar

Yana gaishe ni kullum kafin ya fita, daga bakin ƙofa. Abinci yana zuwa a kan lokaci. Babu abin da zan kai ƙara a kansa, sun tabbatar da haka.

Litinin, da rana

Na buɗe shago ni kaɗai. Babu wanda ya kawo aiki. Tela ya leƙo ya ce asibiti sun aika bayan tasha. Ban tambaye shi ba.

Bayana ya dame ni, na sauke ɗaya daga cikin gadajen da aka dawo da su na kwanta a kan katakon. Na miƙe ƙafa iyakar miƙewa. Ya ishe ni har da saura mai yawa, ko akuya a kwantar a wurin ƙafa za ta samu wuri.

Na gaya musu.

Talata, da safe

Wata mata ta zo tana son gadon ɗanta da zai yi aure. Na ce ta zauna in ɗauko awo. Na duba jikin benci, sandar ba ta nan. Ashe da ya share shago ya mayar da ita kan ƙusarta, a saman ƙofa.

Na miƙa hannu. Na yi ɗage. Na sake.

Matar ta ce ko ta kira wani ya sauko min da ita. Na ce ta dawo gobe.

Ƙusar nan wani ya ɗaga ta. Ba nan na buga ta ba.